Tabar Wiwi a Amurka: Jihohi Sun Buɗe Kasuwa, To Wa Ke Riƙe da Linzami?

Da sanyin safiyar ranar 1 ga Janairun 2014, mutane suka yi dogon layi a ƙofar wasu shaguna a birnin Denver na jihar Kolorado. Tabar wiwi suka je saya, a fili, da rasit, da harajin gwamnati a kai. Sharaɗin kawai shi ne mutum ya nuna katin shaidar cewa ya cika shekara 21, kuma kada ya wuce awon da doka ta yanke masa. A wannan safiyar dai, a idon dokar gwamnatin tarayyar Amurka, da mai shagon da mai sayen duk masu laifi ne. Duk wanda yake son ya gane yadda ake tafiyar da harkar wiwi a Amurka, daga wannan tufka da warwara zai fara, domin kusan duk wani bambaraƙwai da ke cikin tsarin daga nan ya samo asali.

A 1970 majalisar dokokin tarayya ta kasa miyagun ƙwayoyi rukuni biyar. Ta sa wiwi a rukuni na farko tare da hiroyin, wato abubuwan da doka ta ce ba su da wani amfani na magani da aka yarda da shi. Hodar iblis kuwa tana rukuni na biyu. Sai a 1996 mutanen Kalifoniya suka yi ƙuri'ar raba gardama, suka yarda majiyyaci ya yi amfani da ganyen idan likita ya ba shi shawara. Rigima ta kai Kotun Ƙoli a 2005, bayan jami'an tarayya sun tuge tushe shida na wiwi a gidan wata mata mai ciwon baya a Kalifoniya. Alƙalai shida cikin tara suka ce tarayya tana da hurumin hana nomansa ko da jiha ta halatta. Amma akwai wata ƙa'ida ta dabam a tsarin mulkin ƙasar: tarayya ba ta da ikon tilasta wa 'yan sandan jiha su yi mata aikin zartar da dokarta. Kuma mafi yawan kamen masu wiwi 'yan sandan jihohi da na birane ne ke yin sa. Saboda haka idan jiha ta ce ta janye hannu, dokar tarayya tana nan a takarda, sai dai ba ta da isassun ƙafafun da za ta bi lungu-lungu.

Ta wannan kafa Kolorado da jihar Washinton suka bi a Nuwamban 2012, lokacin da masu zaɓe suka halatta wiwi ga duk baligi, ko da lafiyarsa ƙalau. Zuwa ƙarshen 2023, bayan ƙuri'ar Ohio, jihohin da suka yi haka sun kai 24 cikin 50, waɗanda suka yarda da shi don magani kuma sun kusa 40. Gwamnatin Obama ta fitar da wata takarda a Agustan 2013, ta hannun mataimakin ministan shari'a James Cole, wadda ke cewa masu gabatar da ƙara na tarayya su kau da kai matuƙar jiha tana hana sayar wa yara da tsallakar da kaya zuwa wata jiha. Jeff Sessions, ministan shari'a na gwamnatin Trump, ya soke takardar a Janairun 2018, amma ba a ga wani gagarumin samame ba. Tun 2014 kuma majalisa take saka wani sashe a dokar kasafin kuɗi da ke hana ma'aikatar shari'a kashe ko sisi wajen tsoma baki a tsarin wiwin magani na jihohi. Kasuwar biliyoyin daloli ke nan tana zaune a kan kawaici.

Kawaicin yana da farashi. Wiwin da aka noma a Oregon ba zai shiga Kalifoniya ta halal ba, duk da cewa iyakarsu ɗaya kuma dukansu sun halatta, don da zarar kaya ya tsallaka iyakar jiha ya faɗa hannun tarayya. Kowace jiha dole ta noma nata, ta sarrafa nata, ta sayar da nata. Manyan bankuna sun daɗe suna gudun kuɗin wiwi don tsoron tuhumar halasta kuɗin haram, shi ya sa shaguna da yawa suka yi shekaru suna ciniki da tsabar kuɗi, suna biyan ma'aikata da tsaba, har haraji ma a jaka ake kai wa gwamnati, ɓarayi kuma sun san da haka. Majalisar wakilai ta amince da ƙudurin sassauta wa bankuna sau da dama tun 2019, yana zuwa majalisar dattawa yana maƙalewa. Akwai kuma wani sashe na dokar haraji mai lamba 280E, da aka kafa a 1982 bayan wani dillalin ƙwaya a Minneapolis ya ci nasara a kotu cewa a cire masa kuɗin haya da na waya da na sikeli kafin a yanka masa haraji. Majalisa ta fusata, ta ce duk mai cinikin kayan rukuni na ɗaya ko na biyu ba za a cire masa kuɗin gudanar da sana'a ba. Shekara talatin da wani abu bayan nan, wannan sashe ya faɗa kan masu shagunan da jiha ta ba lasisi: suna biyan haraji a kan kuɗin da tuni sun kashe shi a haya da albashi.

To me jihar take yi a aikace? Ta fuskar bin diddigin kaya, sai a yaba. A Kolorado da jihohi da dama, kowane tushe yana ɗauke da alama mai lamba da na'ura ke karantawa, ana bin sa a kwamfuta tun yana ƙaramin tsiro har a girbe shi, a busar, a auna, a kai shago. Akwai kyamarori a gonaki da ɗakunan ajiya. Kafin kaya ya hau kanta sai ɗakin gwaje-gwaje ya duba ko akwai maganin ƙwari, ko hunhuna, ko ƙarafa masu guba. Amfanin wannan ya fito a 2019, lokacin da wata cutar huhu ta ɓarke tsakanin masu zuƙar man wiwi da sigarin lantarki. Mutum 2,807 aka kwantar, 68 suka rasu, kuma binciken hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ya nuna cewa akasarin matsalar daga kayan kasuwar bayan fage ne da aka gauraya da wani man bitamin E don ya yi kauri.

Sai dai yawancin ƙa'idojin bayan an ji jiki aka yi su. A watannin farko na 2014 babu wanda ya yi tunani sosai a kan alewa da biskit da cakulan masu wiwi. Hayaƙi yana bugarwa cikin mintuna, abin da aka ci kuwa yakan ɗauki awa ɗaya ko biyu, sai mutum ya zaci bai ji komai ba ya ƙara. A Maris na shekarar wani ɗalibi ɗan shekara 19 ya cinye biskit guda da aka yi don a raba shi kashi shida, hankalinsa ya gushe, ya faɗo daga benen otal a Denver ya mutu. Daga nan aka tsaurara: kowane yanki kada ya wuce miligiram 10 na sinadarin THC, wanda shi ne mai sa mayen, ƙunshi guda kada ya wuce 100, a buga tambarin gargaɗi a jikin alewar kanta, a hana yin ta da siffar dabba ko mutum ko 'ya'yan itace. Duk da haka, wani bincike a mujallar likitocin yara ta Amurka ya nuna cewa rahotannin yara 'yan ƙasa da shekara shida da suka ci irin wannan alewa sun tashi daga 207 a 2017 zuwa 3,054 a 2021. Yaro ɗan shekara uku bai san tambari ba, zaƙi ya sani.

Inda jihohi suka fi shan bamban shi ne yawan lasisi da nauyin haraji, kuma a nan ne kowace ta gwada sa'arta. Oklahoma, jihar masu ra'ayin riƙau, ta halatta wiwin magani a Yunin 2018 da doka mai sako-sako: lasisin kasuwanci dala 2,500 kacal, babu iyaka ga yawansa, babu jerin cututtukan da sai da su za a ba mutum kati. Cikin 'yan shekaru jihar da mutanenta ba su wuce miliyan huɗu ba ta fi Kalifoniya yawan shaguna. Gonaki suka yi ta noma fiye da abin da jihar za ta iya sha, ƙungiyoyin masu laifi suka shigo suna sa sunayen 'yan jiha a takarda suna fitar da kaya waje. A Nuwamban 2022 aka harbe 'yan China huɗu a wata gonar wiwi a gundumar Kingfisher. Jihar ta dakatar da ba da sabon lasisi, kuma a Maris 2023 masu zaɓe suka yi watsi da shawarar halatta shi don nishaɗi. Oregon ma ta ɗanɗana irin wannan: a farkon 2019 hukumarta ta ƙiyasta cewa kayan da ke ajiye sun isa shan shekara shida da rabi. Farashi ya faɗi warwas, ƙananan manoma suka karye, rarar kuma ta san hanyar da za ta bi.

New York ta kama ɗaya ɓangaren. Ta halatta a Maris 2021, ta ce lasisin farko na waɗanda kotu ta taɓa samu da laifin wiwi ne da iyalansu, niyyar da ni ina ganin ta dace. Amma shari'o'i da jan ƙafar hukuma suka sa shagon halal na farko bai buɗe ba sai ƙarshen Disamban 2022. A tsakanin nan an daina kama masu sha, ba a kuma samar da wurin saya ba, sai shaguna marasa lasisi fiye da dubu suka cika birnin New York, ba gwaji, ba haraji, ba tambayar shekaru. Sai a 2024 aka ba hukumomi ikon garƙame su da kwaɗo. Kalifoniya kuwa ta bar wa birane da gundumomi zaɓi, fiye da rabinsu suka ce ba sa son shago a yankinsu, ga haraji hawa-hawa, har jihar ta soke harajin noma a 2022 don manoman halal su numfasa. Jihar Washinton tana yanka harajin kashi 37 cikin 100 a kan abin da aka saya a shago. Lissafin ɗaya ne ko'ina: ka tsauwala haraji, tsohon dillali ya ci gaba da cin kasuwarsa, ka sassauta, kaya ya yi araha, shan ya ƙaru.

Da haraji aka sayar wa jama'a da wannan shawara. A Kolorado an yi alkawarin dala miliyan 40 na farko na harajin sari duk shekara zai tafi ginin makarantu, kuma an cika. A 2021, shekarar da ciniki ya kai ƙololuwa da kusan dala biliyan 2.2, jihar ta tara sama da miliyan 400. Kuɗi ne, amma ɗan kaso ne a kasafin jiha, kuma daga shekarar ya yi ta raguwa. Abin da ya fi damuna da shi shi ne yadda yake mayar da gwamnati abokiyar tarayyar mai shago. Hukumar da ake auna nasararta da yawan ciniki, da wuya ta yi murna idan mutane sun rage sha.

Wannan ya kawo ni kan abin da nake ganin shi ne babban giɓin tsarin gaba ɗaya, wato ƙarfin kayan. Wiwin da jami'ai ke kamawa a Amurka a tsakiyar shekarun 1990 yana da THC kusan kashi 4 cikin 100. Ganyen da ke kan kanta yanzu yakan haura kashi 20, man da ake tacewa daga cikinsa kuwa yana kai wa 60 zuwa 90. Mutanen da suka jefa ƙuri'a a 2012 suna tuna abin da suka sani a ƙuruciyarsu ne, kasuwa kuma ta kawo musu wani abu dabam da suna iri ɗaya. Tun da mai saye yana duba lambar da ke jikin kwalba ya zaɓi mafi girma, manoma sai suka koma neman ɗakin gwajin da zai rubuta musu lamba mai tsoka. Manomin ne ke biyan ɗakin gwajin, don haka wanda ya cika gaskiya yakan rasa abokan ciniki. Jihohi da dama sun kama ɗakunan gwaji da wannan laifi, sun ƙwace lasisinsu.

Shin ƙarfin yana da illa? Wani babban bincike da aka buga a 2019 a mujallar Lancet ta lafiyar ƙwaƙwalwa, wanda ya haɗa birane irin su Landan da Amsterdam, ya gano cewa masu shan mai ƙarfi kullum sun ninka marasa sha kusan sau biyar wajen yiwuwar samun taɓin hankali karon farko. Kuma a wannan binciken, kashi 10 cikin 100 ne ake kira mai ƙarfi. A 2022, bisa nazarin Jonathan Caulkins na jami'ar Carnegie Mellon, Amurkawa miliyan 17.7 ne suka ce suna shan wiwi kullum ko kusan kullum, adadin da a karon farko ya wuce na masu shan giya haka, miliyan 14.7. A ciniki irin wannan, kamar na giya da na sigari, riba ba ta fitowa daga mai ɗan taɓawa sau ɗaya a wata. Daga wanda ba ya iya wuni ba tare da shi ba take fitowa. Kamfanin da ke da masu hannun jari ya san wannan sarai, kuma ba sai ya zama mugu ba kafin ya bi inda kuɗi yake.

Jihohi ƙalilan ne suka taɓa wannan wuri. Vermont da Connecticut sun sa iyaka lokacin da suka buɗe kasuwarsu: ganye kada ya wuce kashi 30, daskararren man kada ya wuce 60. Illinois ta ɗaura haraji a kan ƙarfi, kashi 10 ga abin da bai wuce 35 ba, kashi 25 ga wanda ya haura. Kolorado a 2021 ta rage yawan tataccen man da mutum zai saya a rana zuwa giram 8, giram 2 ga majiyyata 'yan shekara 18 zuwa 20, bayan iyaye da likitoci sun yi ta kuka. A jihar Washinton an sha kai ƙudurin sa iyaka majalisa yana mutuwa a can. Tuƙi ma haka yake a rikice: a wasu jihohi an ɗauki nanogiram 5 na THC a kowace mililita ta jini a matsayin ma'auni, alhali THC ba ya tafiya a jiki kamar barasa, mai sha kullum zai iya haura ma'aunin yana garau, sabon shiga kuma ya bugu yana ƙasa da shi.

Ɓangaren magani yana da gaskiyarsa, kuma bai kamata a shafa masa kashin kaji ba. Rahoton cibiyar kimiyya ta ƙasa na 2017 ya sami hujja mai ƙarfi cewa sinadaran wiwi suna rage ciwo mai daɗewa ga manya, da amai da tashin zuciyar masu shan maganin kansa, da sanƙarewar jijiyoyi a wata cutar laka. A 2018 hukumar magunguna ta amince da Epidiolex, wani magani da aka tace daga wiwi, don wasu nau'o'in farfaɗiyar yara masu tsanani. Amma abin da jihohi ke kira wiwin magani ya sha bamban da wannan. Likita ba ya rubuta shi kamar sauran magunguna, shawara kawai yake bayarwa, babu awo, babu sau nawa a rana. Sauran bayanin daga bakin yaron kanta majiyyaci zai ji shi. A jihohi da yawa 'yan majalisa ne ko masu zaɓe ke yanke jerin cututtukan, ba masana magani ba. Mai kansar da ke neman sauƙi ya cancanci kulawar da ta fi wannan.

Hujjar da ta fi ƙarfi a bakin masu son halattawa ita ce ta kame, kuma ina tare da su a nan. Ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU ta nuna a 2013 cewa baƙar fata ya fi farar fata yiwuwar shiga hannu saboda wiwi kusan sau huɗu, alhali yawan shansu kusan ɗaya ne. Saurayin da aka kama da ɗan ƙulli yana iya rasa aiki da gida da tallafin karatu tsawon rayuwarsa. Kamen ya ragu ƙwarai a jihohin da suka halatta, Illinois da wasu kuma sun goge ɗaruruwan dubban tsofaffin bayanan laifi. Sai dai daina ɗaure mashayi shawara ɗaya ce, miƙa kayan ga kamfanoni masu neman riba da 'yancin talla shawara ce ta biyu, kuma a yawancin ƙuri'un Amurka an ɗaure su a igiya ɗaya an ce a zaɓa ko a bari. Wasu ƙasashe sun raba su. Urugwai, wadda ta halatta a 2013, tana sayarwa a kantin magani ga 'yan ƙasa da mazauna ƙasar masu rajista, giram 40 a wata, gwamnati ke yanke farashi da ƙarfi. Lardin Quebec na Kanada ya riƙe cinikin a hannun kamfanin gwamnati, ya ɗaga shekaru zuwa 21, ya hana alewa da cakulan. Jamus a 2024 ta yarda da noman gida da ƙungiyoyin da ba na riba ba, ba ta buɗe shaguna ba. Ni dai ban ga alheri a shan abin da ke gusar da hankali ba, amma ko wanda bai yarda da ni ba zai ga cewa waɗannan hanyoyi ba su bar wa mai sayarwa dalilin farautar sabon mashayi ba.

Ga 'yan uwanmu da ke zaune a Amurka akwai wani tarko da ya kamata su sani. Harkar shige da fice ta tarayya ce. A 2019 hukumar ba da takardun zama ɗan ƙasa ta bayyana cewa ko aiki a shagon wiwi mai lasisin jiha yana iya hana mutum samun shaidar kyawun hali da ake buƙata. Abin da ɗan ƙasa zai yi ya kwana lafiya, baƙo zai iya rasa takardunsa a kansa. Tasirin irin wannan kasuwa ya iso gida Najeriya ma: hukumar NDLEA ta sha sanar da kama mai ƙarfin da ake kira Loud a tashoshin ruwan Legas, ɓoye cikin motocin da aka yo odarsu daga Kanada.

Majalisar tarayya ta ƙara dagula lissafi da hannunta a 2018, lokacin da dokar noma ta halatta nau'in tsiron da THC ɗinsa bai wuce kashi 0.3 ba, don a yi igiya da mai da shi. Masu dabara suka riƙa sarrafa shi a ɗakin gwaji suna fitar da wasu sinadarai masu sa maye, ana sayarwa a gidajen mai da shagunan unguwa har a jihohin da suka haramta wiwi, sau da yawa ba iyakar shekaru. Sai a Nuwamban 2025 majalisa ta yi dokar toshe kafar, ta ba da wa'adin shekara guda.

Maganar sauya wa wiwi rukuni kuma ta taso tun Oktoban 2022, da Biden ya ba da umarnin sake dubawa. Ma'aikatar lafiya ta ba da shawarar rukuni na uku a 2023, Trump ya sa hannu a umarnin hanzarta aikin a Disamban 2025. Rukuni na uku yana sauƙaƙa wa masu bincike, kuma wannan abin maraba ne, domin an daɗe ana yin doka a cikin duhu. Bai halatta shagon nishaɗi ba, bai buɗe iyakokin jihohi ba. Abin da yake taɓawa kai tsaye shi ne sashe na 280E, tun da wannan sashe rukuni na ɗaya da na biyu kaɗai ya shafa. Cikin kuɗaɗen da sashen ya hana kamfanonin wiwi cirewa kafin haraji har da kuɗin talla. Ba don kare lafiyar kowa aka kafa shi ba, amma shekaru goma da wani abu yana cikin 'yan abubuwan da suka sa tallar wiwi ta yi tsada, kuma yawancin jihohin da suka buɗe kasuwar har yanzu ba su yanke iyakar ƙarfin abin da za a tallata ba.